Me ake dubawa kafin a miƙa jikin dattijo ga mai tausa?

Ɗan Tela ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar tausa, ko dai don ita ce sana'arsu ko don sun daɗe ana yi musu. Mahaifina yana da shekara 71, kuma ya shafe fiye da shekara 40 a kan keken ɗinki, tun zamanin keken ƙafa har zuwa na lantarki. Yanzu ya ajiye aiki, amma kwankwaso da wuya da kafaɗar dama ba sa barinsa ya yi barcin kirki, musamman idan sanyin hunturu ya shigo. Yana da ciwon suga da hawan jini, yana shan magungunansu a kan kari, har da ƙaramar ƙwayar asfirin da likita ya ɗora shi a kanta.

Wata biyu da suka wuce wani maƙwabcinmu ya kawo mana wani matashi da aka ce hannunsa yana da kyau. Ya shigo ya gaida Baba, bai tambaye shi komai ba in ban da inda yake masa ciwo, ya sa shi ya kwanta rubda-ciki a kan tabarma, ya shafa masa man zafi, sannan ya dinga danna shi da gwiwar hannu kusan awa ɗaya. Baba mutum ne mai kawaici, ba zai yi raki a gaban sa'an ɗansa ba, don haka ya cije ya daure. Washegari muka ga jini ya kwanta masa a wuri uku a gadon baya, ya yi kwana huɗu ko sallah a zaune yake yi. Da muka gaya wa matashin, sai ya ce wai ciwon ne yake fita, kuma tausar da ba ta yi zafi ba ba ta shiga ba.

Hankalina bai kwanta da wannan magana ba, amma ba ni da ilimin da zan ƙaryata ta. Shi kuwa Baba har yanzu yana son tausa, domin ya ce idan jikokinsa suka mammatsa masa kafaɗa yana jin sauƙi. Saboda haka nake tambaya: waɗanne siffofi ne suke nuna mai tausa na ƙwarai? Ƙarfin hannu ake dubawa, ko takardar shaida, ko daɗewa a sana'a? Akwai abin da zan iya lura da shi tun a zuwan farko, kafin a kai ga yin ɓarna? Na gode.

Likitan Fisiyo ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka maka da alheri a kan kula da shi. Aikina gashin ƙashi ne a asibiti, kuma tausa tana cikin abubuwan da aka koya mana, don haka zan yi magana a kan abin da nake gani a gaban idona.

Amsar tambayarka ta ƙarshe tana cikin labarin da ka bayar. Ka ce matashin bai tambayi Baba komai ba in ban da inda yake masa ciwo. A nan aikin ya lalace, tun kafin hannu ya taɓa jiki. Mai tausa na ƙwarai yakan ɓata minti 10 ko 15 na zuwan farko yana tambaya: yaushe ciwon ya fara, me yake tayar da shi, me yake kwantar da shi, shin yana sauka zuwa ƙafa ko hannu, an taɓa yin aiki a wurin, an taɓa karyewa, waɗanne cututtuka ake fama da su, waɗanne magunguna ake sha. Da ya yi wannan tambaya ta ƙarshe da ya ji sunan asfirin, wanda yake hana jini saurin daskarewa, kuma da ya san cewa a jikin dattijo, wanda fatarsa ta yi laushi kuma ƙananan jijiyoyin jininsa ba su da jure matsi, danna da gwiwar hannu zai fasa su. Jinin da kuka ga ya kwanta rauni ne aka ji masa. Babu wani ciwo da yake fita ta wannan hanya. Bayan tausa mai nauyi mutum yana iya jin tsamin jiki kwana ɗaya ko biyu, irin wanda ake ji bayan noma ko doguwar tafiya, amma kwanciyar jini da kasa tsayuwa a sallah har kwana huɗu sun wuce wannan iyaka nesa ba kusa ba.

Siffar da na fi ba muhimmanci, kuma wadda ta fi ƙaranci a cikin masu sana'ar, ita ce sanin lokacin da ba a tausa kwata-kwata. Misalin da nake fara ba ɗalibai shi ne na sharaɓa. Idan ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi ɗumi, tana ciwo ba tare da an buge ba, musamman ga wanda ya daɗe a kwance, ko aka yi masa aiki, ko macen da ta haihu cikin mako 6 da suka wuce, ko wanda ya yi doguwar tafiya a zaune, to mai yiwuwa jini ne ya daskare a babbar jijiyar da take can ciki. Wanda ya murza wannan ƙafa yana iya ɓalle gudan jinin ya tafi huhu, kuma hakan yana kashe mutum cikin ɗan lokaci. Irin wannan ƙafa asibiti ake kai ta a ranar. Haka nan ba a tausa ga mai zazzaɓi, ba a taɓa wurin da yake da gyambo ko maruru ko makero, ba a murza gaɓar da ta kumbura ta yi zafi, ba a tausa a kan sabon targaɗe ko inda ake zargin tsagewar ƙashi har sai an ɗauki hoto. Wanda yake shan maganin tsinka jini mai ƙarfi irin warfarin, da tsohuwar da ƙasusuwanta suka yi rauni, hannu mai sauƙi kawai ya dace da su, domin haƙarƙarin irin wannan tsohuwa yana iya tsagewa a ƙarƙashin tafin hannu. Gaban wuya, inda manyan jijiyoyin da suke kai jini ƙwaƙwalwa suka bi, ba wurin dannawa ba ne. Murɗe wuya don a ji ya yi ƙara kuwa, irin wanda wasu masu aski suke yi bayan sun gama aski, ban yarda a yi wa kowa ba, balle dattijo mai hawan jini.

A ɓangaren ciwon baya akwai alamun da mai tausa ya kamata ya sani kamar yadda ya san sunansa. Idan ciwon yana tare da rama ba dalili, ko zufar dare, ko yana tayar da mutum daga barci komai irin kwanciyar da ya yi, ko ƙafa tana mutuwa, ko fitsari da bayan gida sun fara kufcewa, ko tsakanin cinyoyi ya daina jin taɓi, to lamarin ya fi ƙarfin tausa. A ƙasarmu tarin fuka yana kama ƙashin baya, kuma na ga mutanen da aka yi ta murzawa wata da watanni kafin a kawo su, lokacin da ƙashin ya riga ya lotsa. Mai tausar da zai iya cewa "wannan ba aikina ba ne, ku je a duba shi" alhali yana buƙatar kuɗin, shi nake kira gwani.

Sai maganar abin da tausa take iya yi. Tana sassauta tsokar da ta ɗaure, tana rage ciwo na ɗan lokaci, tana kwantar da hankali, kuma mutane da yawa suna samun barci bayanta. Ga wanda ciwo ya hana barci, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ƙungiyar likitocin cututtukan manya ta Amurka, a jagorar da ta fitar a 2017, ta sanya tausa cikin hanyoyin da za a fara gwadawa ga sabon ciwon baya kafin a kai ga ƙwayoyi. Hukumar da take tsara ƙa'idojin jinya a Ingila kuma, a jagorarta ta 2016, ta ce a yi amfani da ita tare da motsa jiki, kada a tsaya a kanta ita kaɗai. Amma tausa ba ta warkar da ciwon suga, ba ta fitar da wata guba daga jini, ba ta mayar da faifan ƙashin baya mazauninsa, kuma ba ta tayar da hannun da ya shanye. A kan shanyewar ɓarin jiki ma sai an yi hattara, domin kafaɗar ɓangaren da ya shanye tana saurin gocewa idan aka ja hannun. Duk wanda ya yi maka alkawarin waɗannan abubuwa, ko dai bai sani ba ko yana son kuɗinka, kuma kowanne ne a ciki bai dace da jikin Baba ba.

Game da takarda, ga abin da ya kamata ka sani. Mu masu gashin ƙashi muna ƙarƙashin hukumar rajistar ma'aikatan farfaɗo da lafiyar gaɓoɓi ta Najeriya, wadda dokar soja mai lamba 38 ta 1988 ta kafa, kuma a lokacinmu shekara 5 muka yi a jami'a da shekara ɗaya ta sanin makamar aiki kafin a ba mu lasisi. Don haka idan mutum ya kira kansa likitan fisiyo kana da damar neman ganin lasisinsa. Shawarata ita ce ka fara kai Baba sashen gashin ƙashi, idan kana Kano akwai shi a Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a duba shi, a rubuta wuraren da za a taɓa da waɗanda za a bari, a koya masa motsa jikin da ya dace da shi. Bayan haka duk mai tausar da za ka ɗauka ka miƙa masa wannan bayani, ka lura da yadda zai karɓe shi. Wanda ya ɓata rai don an nuna masa takardar asibiti ya riga ya gaya maka halinsa.

Tsohon Direba ya rubuta:

Salamu alaikum. Allah ya ƙara wa Baba sauƙi. Na karanta bayanin Likita, na ƙaru ƙwarai, musamman maganar ƙafar da ta kumbura, domin mu da muke kwana a kan sitiyari ita ce irin ƙafarmu. Sai dai ina da ɗan ja a wuri ɗaya, kada mai karatu ya ɗauka cewa duk wanda bai shiga aji ba bai iya ba.

Na yi shekara 28 ina jan babbar mota tsakanin Kano da Legas, kuma mutumin da ya riƙe mini baya a mafi yawan waɗannan shekaru ko sunansa ba ya iya rubutawa da boko. A wajen mahaifinsa ya gaji sana'ar, shi kuma mahaifin shi yake gyara jikin 'yan kokawa da 'yan dambe a garinsu bayan an tashi daga fage. Abin da na lura da shi a wajensa shi ne hannunsa yana ji. Zai ɗora tafinsa a bayanka ya bi a hankali, daga kwankwaso har allon kafaɗa, bai fara matsawa ba tukuna, sai ya tsaya a daidai wurin da ya ɗaure ya ce "nan ne ko?" kafin ka buɗe baki. Yana farawa da sauƙi har naman ya yi ɗumi ya saki, sannan ya ƙara nauyi kaɗan kaɗan, idonsa yana kan fuskarka da yatsun ƙafarka. Da ya ga ka riƙe numfashi ko ka murtuke, zai sassauta ba tare da ka roƙa ba. Ya taɓa gaya mini cewa idan mutum ya ɗaure jikinsa don zafi, to naman ya rufe ƙofa, duk abin da ka yi bayan nan faɗa kake yi da shi. Wannan ita ce amsar maganar matashin nan da ya ce sai ta yi zafi take shiga.

Kuma ba a rasa ƙarfi a wajensa ba. Ni mutum ne mai jiki, tausar shafa-shafa ba ta yi mini komai, ina son a danna sosai. Bambancin shi ne ya san ƙarfin da zai yi wa direba ɗan shekara 40 ba shi zai yi wa tsoho ba, kuma ya san nama ake dannawa, ba a danna kan ƙashi ko tsakiyar gadon baya.

Abin da ya sa na ƙara yarda da shi, wata rana na zo masa da kafaɗa bayan na faɗo daga kan kaya, ya taɓa sau biyu ya janye hannunsa ya ce ba zai yi ba, in je a yi hoto. Na ji haushi a lokacin, domin ina da lodi a gabana. Hoton ya nuna ƙashin wuyan riga ya tsage. Ka ga ke nan abin da Likita ya kira babbar siffa yana da ita, duk da bai karanta ta a littafi ba. Don haka, ɗana, ka tambayi mutum a wajen wa ya koya, shekara nawa ya yi yana kallon ubangidansa kafin a bar shi ya taɓa mutum, kuma su wa yake yi wa. Ka nemi dattawa biyu ko uku da suka daɗe a hannunsa ka ji ta bakinsu.

Maman Jego ta rubuta:

Assalamu alaikum. Allah ya ba Baba lafiya mai ɗorewa. Ni sana'ata ce, mata kawai nake yi wa, a gidajensu, yawancinsu masu jego da tsofaffi. A hannun kakata na fara, wadda ungozoma ce, daga baya na je na yi kwas na wata 6 don in san sunayen abubuwan da hannuna ya riga ya sani, in kuma san abubuwan da kakata take yi waɗanda bai kamata in ci gaba da yi ba. Maza sun yi maganar ilimi da hannu, ni zan yi maganar amana, domin a ganina a nan aka fi samun matsala kuma a nan mutane suka fi jin nauyin yin magana.

Wanda ake yi wa tausa ya tuɓe rigarsa ya kwanta a gaban baƙo, babu wani hali na rauni da ya wuce wannan in ba gadon asibiti ba. Mai tausa na kirki yana sane da haka. Yakan fita ko ya juya baya har mutum ya shirya, ya rufe shi da zane ko babban tawul, ya buɗe wurin da yake aiki a kai kawai, idan ya gama ya rufe kafin ya buɗe wani. Yakan faɗi inda zai taɓa kafin ya taɓa, kuma idan aka ce a tsaya yana tsayawa nan take ba tare da gardama ba. A wajenmu namiji namiji yake yi wa, mace kuma mace, kuma ban taɓa hana wata 'yar gida zama a ɗakin ba, ni ma hakan kariya ce gare ni. Sanin kowa ne cewa a manyan birane akwai wuraren da suke fakewa da sunan tausa suna wata harka daban, sun ɓata wa sana'ar suna har wasu iyaye ba sa son 'ya'yansu su koye ta. Shi ya sa mai yi don Allah dole ya riƙe iyakarsa da ƙarfi fiye da yadda ake bukata a wasu sana'o'in.

Sai baki. Wanda yake shiga ɗakunan mutane yana ganin tabon aiki, yana ganin rama, yana jin maganar da ba don shi aka yi ba. Idan mai tausa ya zauna yana ba ka labarin jikin Alhaji wane ko rikicin gidan Hajiya wance, ka tabbata gobe labarin Baba zai bayar a wani gidan. Wannan kana iya gane shi a zuwan farko, ka dai saurari hirarsa. Haka nan wayar hannu: ba a amsa kira hannu ɗaya yana kan mutum, kuma ba a ɗaukar hoton kowa don tallar sana'a.

Tsafta kuwa ido yana ganinta. Ka dubi farcensa tun yana miƙo hannu ku gaisa, domin mai dogon farce ko zobe a yatsa bai shirya aiki ba, kuma ga mai ciwon suga ƙaramin yagi yana iya zama gyambo. Ka lura ko zai nemi ruwa da sabulu kafin ya fara da bayan ya gama, ka kuma lura ko tawul ɗin da ya zo da shi wankakke ne ko daga wani gidan ya naɗo shi. Ni na fi son a ba ni zanen gidan. A lokacin hunturu nakan murza tafukana su yi ɗumi, in ɗumama man a hannuna kafin ya taɓa jiki, in sa a rufe taga, domin tsoho idan sanyi ya buge shi jikinsa ɗaurewa yake yi. Man kaɗanya nake amfani da shi mafi yawa, wani lokaci man zaitun ko man kwakwa, kuma ina tambaya ko akwai man da jikin mutum ba ya so, tunda akwai waɗanda man gyaɗa ko turare yake sa su ƙaiƙayi da ƙuraje.

Akwai wani hali da nake so ka guje wa, wato mai tausar da yake zuwa da jakar magunguna. Ya gama tausa ya fito da garin magani ko wata kwalba ya ce ta suga ce, har ya nuna a rage na asibiti. Garin neman ƙiba a samo rama ke nan. Ni ko mai jego da aka yi wa aiki aka ciro jariri ba na taɓa cikinta sai likitarta ta ba da izini, duk da surukai sukan matsa mini, balle in ba ta abin sha.

Abu na ƙarshe, ka tambaye shi mutum nawa yake yi wa a rana. Aikin yana cin jiki, kuma wanda ya iya da nauyin jikinsa yake dannawa, ba da ƙarfin babban yatsa ba, shi ya sa yake daɗewa a sana'ar. Ni ba na wuce mutum huɗu, domin na san ta biyar ba za ta sami hannun da ta farko ta samu ba, alhali kuɗinsu ɗaya.

Ɗalibi a Jamus ya rubuta:

Salam. Allah ya ba Baba lafiya. Ina so in ƙara wani abu a kan saɓanin da ya ɗan fito tsakanin Likita da Baba Direba game da takarda, domin na ga yadda wasu ƙasashe suka warware shi.

A nan Jamus tausar jinya sana'a ce mai lasisin gwamnati: shekara 2 a makaranta, sannan wata 6 na aiki a ƙarƙashin kulawa, kuma likita yana iya rubuta wa majinyaci ita kamar yadda yake rubuta magani. A Amurka yawancin jihohi ba sa ba da lasisi sai an yi aƙalla awa 500 na horo, jihar Niyok kuma awa 1,000 take nema. A Japan shekara 3 ake yi sannan a zauna jarrabawar ƙasa. Babban kaso na wannan karatu a kan tsarin jiki da cututtuka yake, wato ainihin abin da Likita ya lissafa na sanin inda ba a taɓawa.

Amma akwai abin da yake goyon bayan Baba Direba. A Japan tausa ta daɗe tana cikin sana'o'in makafi tun ƙarnoni da suka wuce, a Koriya ta Kudu ma doka ta keɓe lasisin tausa ga masu lalurar gani kaɗai, kuma kotun tsarin mulkin ƙasar ta tabbatar da wannan doka a 2008. Babban dalilin dokar shi ne kare musu hanyar abinci, amma daɗewarsu a sana'ar tana nuna cewa a yatsu gwanintar take. A Tailan kuma tausarsu ta gargajiya, wadda aka daɗe ana gado a ƙauyuka da wuraren ibada, ba a watsar da ita ba. An tsara ta, ana koyar da ita a makarantu irin ta Wat Pho da take Bankok, har UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya ta cikin al'adun gado na duniya a 2019. Abin da nake fata a gida shi ne irin wannan: a ɗauki masu hannu irin mutumin Baba Direba a ƙara musu ilimin alamun haɗari, maimakon a bar kowane matashi mai ƙwanji ya sayi kwalbar man zafi ya kira kansa mai tausa.

Ɗan Tela ya rubuta:

Na gode muku gaba ɗaya, Allah ya saka da alheri. Na kai Baba sashen gashin ƙashi ranar Talata, sun duba shi, sun ce amosanin gaɓɓai ne a wuya da kwankwaso tare da ɗaurewar tsoka, sun koya masa motsa jiki kala huɗu, sun kuma yarda a yi masa tausa mai sauƙi. Na sami wani dattijo ta hannun limamin unguwarmu. Da ya zo ya zauna ya yi ta tambayar Baba har shayi ya huce, ya sa na karanta masa takardar asibitin, ya nemi ruwa ya wanke hannu, ya yi minti 30 kawai ya ce zai ga yadda jikin zai kwana kafin ya ƙara. Baba ya yi barci har aka kira asalatu.

Saura tambaya ɗaya, Likita. Dattijon ya ba da shawarar a dinga gasa wa Baba ƙafafu da ruwan zafi da tsumma kafin a tausa su, domin yana kukan suna yi masa sanyi da dindiris da dare. Na ce ya dakata sai na tambaya.

Likitan Fisiyo ya rubuta:

Alhamdu lillahi, na ji daɗin wannan labari, kuma ka yi daidai da ka dakatar da shi. Dindiris da sanyin ƙafa ga mai ciwon suga sau da yawa alama ce ta cewa sugan ya fara taɓa jijiyoyin ji, kuma ƙafar da jinta ya ragu ba ta sanin ruwa ya yi zafi har sai fata ta saluɓe. Ƙuna a irin wannan ƙafa tana daɗewa ba ta warke ba, kuma da yawa daga cikin gyambon da yake kai ga yanke ƙafa daga abu ƙarami irin wannan yake farawa. Don haka kada a gasa ƙafafun da ruwan zafi, kada a kusantar da su ga kaskon wuta, kada kuma a shafa musu man zafi. Idan za a wanke su, ruwan ya zama mai ɗumi kaɗan wanda kai da kanka ka gwada da gwiwar hannunka, a tsane su sosai har tsakanin yatsu, a shafa man kaɗanya a sama da tafin ƙafa amma ban da tsakanin yatsun, sannan ya sa safa mai laushi wadda ba ta matse ba. Dattijon yana iya shafa ƙafar da hannu mai sauƙi matuƙar babu rauni ko kumburi, kuma ka roƙe shi ya dinga duba tafin da dunduniya duk zuwan da ya yi, tunda shi yake ganin wurin da Baba ba ya iya gani. Maganar dindiris ɗin kuma ka gaya wa likitan da yake duba sugansa a zuwa na gaba, domin a gwada jin ƙafar a kuma duba yadda jini yake gudana a cikinta.